Yaya da Kwalbar Ɗigon Ido

Ni dai tun ina ƙarama Allah ya ɗora mini ƙyanƙyami. In na ga gashi a cikin kofi, ni da shan ruwa sai gobe. In mutum ya fyace majina a gabana, sai in ji kamar a bakina ya zuba. Shi ya sa Yaya ta raɗa mini Uwar Sabulu, sunan kuma ya bi ni har gidan burodin da nake aiki, inda ake sa mana hula da safar hannu kafin mu taɓa ƙullu. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ce sharri na yi wa 'yar'uwata. Ƙyama ina da ita, ban musa ba. Amma abin da zan faɗa, ko mai taurin zuciya ya gani sai ya kau da kai.

Yaya ce babbarmu, ni ce auta, tsakaninmu maza uku da neman abinci ya watsa. Da mahaifiyarmu ta rasu, ita ta goya ni, ita ta yi mini kitso, ita ta ja ni makaranta ina kuka ina turjiya. Ta yi aure, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, wanda yanzu yana aiki a wani gari mai nisa, sai dai a ji muryarsa a waya. Ba ta sake aure ba. In aka yi mata maganar sai ta ce allura ta ishe ta, ba ta faɗa, ba ta tambayar abinci. Mace ce mai faɗin hannu, irin wadda in ta sayi lemo guda sai ta ɓare ta raba wa mutum biyar ta lashe yatsa. Wannan halin na yaba shi shekara da shekaru, kafin in ga inda ya kai ta.

In ka ce mata tela ka rage mata daraja. Gyaran ɓoye take yi. A kawo mata kwat mai tsada da wutar sigari ta huda, ko wandon da ƙusa ta kama, ko rigar sanyi da asu ya ci. Ba faci take sawa ba. Takan juya tufar ta zaro zare daga cikin kalmasa, inda ba mai gani, ta zo ta sake saƙa ramin, zare bayan zare, na tsaye da na kwance, har wurin ya koma yadda ya fito daga masaƙa. Babban mai kawo mata aiki shi ne mai gidan wanki da guga na bakin titi, wanda manyan mutane ke kai wa kayansu. Duk ranar da ma'aikatansa suka ƙona wuyan riga da dutsen guga, Yaya ce rufin asirinsa.

Duk wannan da ido ɗaya take yi. Na hagu tun tana yarinya rago ne, yana ganin mutum yana ganin mota, amma ba ya raba zare da zare. Na dama shi ne jarinta, shi take kafawa a kan madubin ƙara girma tun safe har yamma. In wannan idon ya tafi, sana'ar ta tafi, kuma ita ma ta sani. Maigida take ce masa. Da safe za ka ji ta ce, bari in wanke wa maigida fuska, kada ya yi fushi.

Shagonta a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, ɗan mitsitsi, ƙofar gilashi guda, babu taga. Tebur, kujera, fitila mai lanƙwasa wuya, da kaya a rataye sun cika bango. A hagunta mai yankan makulli ne, a damanta wani dattijo mai gyaran takalma da kowa ke ce wa Baba. Wurin wani tsoho ta koyi aikin, ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma ya bar mata gado biyu da na so a ce an binne su tare da shi. Na farko, in an ɗauki zare ba a ƙifta ido, don da ka ƙifta layi ya ɓace maka. Sai ka ga Yaya ta sunkuya, ido a buɗe war kamar na kifin da aka ajiye a kan tire, har ni mai kallo nawa idon ya fara yaji. Na biyu, in ido ya fara ƙaiƙayi ba a ajiye aiki. A lashi ɗan yatsa, a shafa a cikin fatar idon, a ci gaba.

Lokacin zafi abin bai cika damunta ba, ƙofa a buɗe take wuni. Da sanyi ya shigo ne masifar ke farawa. Yatsunta kan sandare, mai sandararrun yatsu kuwa ba ya riƙe zaren da ya fi gashi siranta. Don haka sai ta rufe ƙofa ruf, ta toshe ƙasan da tsumma, ta ɗora wata 'yar hita mai fanka a kan tebur daidai hannuwanta. Iskar zafin ta bugi yatsu ta haye sama ta dire a fuskarta. In ka shiga shagon sai ka ji leɓenka ya bushe kafin ka gama sallama. Ko burodi ka ajiye a wannan tebur, kafin la'asar ya zama katako.

Aikina na safe ne, kafin azahar na tashi, don haka nakan biya ta wurinta da shayi a filas. Wata rana cikin sanyin bara na shiga na same ta a kan wani wando baƙi. Wandon nan daga ganin gindinsa ka san mai shi bai san sabulu ba. Ina tsaye ta lashi bakin zare ta zura a allura, ta damƙi wandon da yatsun nan, ta shafa shi ta miƙar da shi, sannan ta kai ɗan yatsan bakinta, ta jiƙa shi da yawu, ta ja fatar idonta ta ƙasa ta goga a ciki. Har ƙara na ji, ɗan caɓ haka. Na ajiye filas ɗin da sauri don kada ya faɗi.

Na ce, "Yaya, don girman Allah. Wandon wani ƙato, bakinki, idonki. Me ya rage kuma?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Uwar Sabulu an iso. Yawuna ne, ba na maƙwabci ba."

"Yatsan fa? Inda ya taɓa ma naki ne?"

"Tsoho ya yi haka har ya mutu yana ganin ramin allura."

Na ce Tsoho ba a cikin tanderu ya zauna ba. Na matsa na duba idon. Ja ne kamar an zuba masa barkono, hawaye na bin gefen hancinta. Na ce mata idon nan ya bushe. Sai ta ajiye allura ta yi dariya har da tafa hannu, ta lakato hawayen ta nuna mini. Ta ce, "Auta, wannan mene ne, yashi? Idon da ke ambaliya shi ne ya bushe? Je ki toya burodinki."

Gaskiya a lokacin ni ma abin ya ɗaure mini kai. Amma haushi bai bar ni na tafi gida ba, na zarce kantin magani na zayyana wa mai kantin komai. Ya ce ai haka busasshen ido yake yi. Akwai wani ɗan danshi mai maiƙo da ke lulluɓe ido, kowace ƙiftawa tana sake shimfiɗa shi. In iskar zafi ta busar da shi, mutum kuma ba ya ƙiftawa, sai idon ya ji zafi ya yi ta zubo ruwan banza, wanda ba ya zama, gangarewa kawai yake yi. Ya ce a kawar da hita daga fuska, a ajiye kwanon ruwa a ɗakin, ta riƙa ɗaga kai tana duban nesa tana ƙiftawa, ta sha ruwa ko ba ta jin ƙishi, ta riƙa ɗora tsabtataccen ƙyalle mai ɗumi a ido da safe. Ya ba ni wata 'yar kwalbar ɗigo mai jiƙa ido, ya ja mini kunne da abu uku: bakin kwalbar kada ya taɓa ido ko yatsa, mutum ɗaya ke amfani da ita, in an buɗe ta yi wata guda a yar ko da saura. Ya ƙara da cewa in jan bai sauka ba ta je ta ga likitan ido.

Na kai mata, na karanta mata wannan duka kamar mai wa'azi. Hita ta ce ba za ta sauka daga tebur ba, in yatsu suka mutu ido me zai ɗinka. Kwanon ruwa ta ce zai sa kayan mutane su yi wari. Ƙiftawa kuwa ta ce in je in gaya wa Tsoho a kabarinsa. Ɗigon kawai ta yarda da shi. Na wanke hannuna na ɗiga mata. Ta lumshe ido, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Kai, Auta, kamar an zuba wa maigida ruwan sama." Na tafi gida ina jin daɗi, na ce ko ba komai yatsan nan ya huta. Ashe ni ce ban san Yaya ba.

Abu mai daɗi ba ya zama a hannunta ita kaɗai. Ba a yi nisa ba na zo na tarar da mai makulli zaune a kujerarta, ya ɗaga kai sama, baki a hangame. Mutumin nan wuni yake yana goge ƙarfe, gashin idonsa duk garin tagulla ne. Yaya ta buɗe idonsa da yatsu biyu, ta dangwala bakin kwalbar a cikin idon, dangwalawa ta gaske, ta matsa. Tana gamawa ta goge bakin kwalbar da gefen mayafinta, ta ce, "Baba, zo ka karɓi naka." Baba ya shigo yana goge hannu a gaban riga, hannun duk man takalmi da gam. Idanunsa kullum da kwantsa a kusurwa, ruwan ɗorawa, wata ta bushe wata ɗanya. Aka dangwala masa shi ma. Da ta ɗago kwalbar na ga wani siririn abu ya biyo bakin yana ja. Sannan ta ɗaga kanta ta ɗiga a nata idon na dama.

Na fita waje na tsaya a bakin kwata ina haɗiyar yawu, don in na buɗe baki a lokacin ba magana ce za ta fito ba. Da suka watse na koma. Na ce, "Yaya, asibiti kika buɗe? Mutum ɗaya aka ce. Mutum ɗaya."

Ta ce, "To in zauna ina jin sanyi a idona, maƙwabcina na murza nasa kamar zai cire? Wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce."

"Su saya nasu."

"Ke dai rowa ce ke damunki, kika laƙaba mata tsafta. Alheri danƙo ne, Auta, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Na ce wannan danƙon kwantsar Baba ce. Ta ce in kiyayi bakina, dattijo ne ya haife ni. Na ja tsaki na fita.

Daga nan kwalba ta zama ta layi. Mai sayar da jarida ya zo, mai gadin benen ya zo, har wata mata da ta kawo siket gyara ta ce idonta na yaji, aka zaunar da ita. Yaya ta samu sabon suna, suna ce mata Likita, tana washe baki. Ni kuma na ɗauki fushi na daina zuwa na ɗan lokaci. Na ce ba zan ƙara sayen wata ba, in ta ƙare dole a haƙura, 'yar kwalbar da ba ta kai babban yatsa ba ai ba za ta daɗe ba.

Da na huce na koma, sanyi ya kai tsakiyarsa, watan kwalbar ya wuce da nisa. Ina shiga na hango ta a kan tebur kusa da hita, a cike har wuya. Na ɗauka da bakin yatsu na ɗaga ta wajen fitila. Takardar jikinta ta yi baƙi da dauɗar hannu. Ruwan ciki da na sani garau ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ga wani gashin ido yana yawo a ciki, ko na wane ne oho. Bakin ya yi ɓawon dauɗa mai ruwan ƙasa. Na buɗe na kai hanci, na yi da-na-sani.

Na ce, "Wa ya sayo sabuwa?" Ina sane ba sabuwa ba ce, so nake in ji da bakinta.

Ta ce, "Wace sabuwa? In ta yi ƙasa nakan ƙara mata ruwa ta taso. Ai ƙarfin maganin na nan."

"Wane ruwa?"

Ta nuna da haɓa. Gorar da take yayyafa wa kaya ruwa kafin ta yi guga ce, wata tsohuwar gorar roba mai huji a murfi, wadda tun ina makaranta nake ganinta, cikinta har ya yi kore. Tana cire ɗan bakin kwalbar da haƙori, ta tsiyaya, ta mayar.

Na jefa kwalbar a kwandon shara, kan ɓawon ayaba da ganyen shayi da tarkacen zare. Na ce gobe zan kawo mata sabuwa, wannan ko kare ba a ɗiga wa. Yaya ta tashi a hankali, ta sa hannu cikin sharar nan, ta tono ta, ta hura mata iska, ta goge a ƙirjinta, ta sa a aljihu. Ta ce, "Almubazzaranci ba kyau. Ke yarinya ce, abin da babba ya hango ko kin hau bene ba za ki gani ba."

A ranar na gaya mata maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa yayarta. Na ce ƙazanta ta zame mata addini. Na ce ido guda gare ta kamar na allurarta, tana wasa da shi kamar tana da goma a akwati. Na ce wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Ta ce in fita mata daga shago, na fita. Washegari duk da haka na kawo sabuwar. Ta karɓa ta sa a aljihun tebur ba ta buɗe ba, ta ce sai waccan ta ƙare. Waccan kuwa ba mai ƙarewa ba ce muddin gorar guga na raye.

Mai makulli ne ya kira ni a waya wata safiya ina tsakiyar aiki. Ya ce in zo, Likita ba lafiya. Na cire hula na fito a guje. Na same ta zaune, fitila a kashe, ta juya wa ƙofa baya don haske na soka mata ido. Fatar idon dama ta kumbura ta manne da wani ruwa mai kauri. Ta ce tun shekaranjiya take jin kamar an bar mata tsinken allura a ciki, ta yi ta ɗiga magani amma abin gaba yake yi. Na tambaye ta wane maganin, ta dafa aljihun rigarta inda tsohuwar kwalbar take. Na jiƙa auduga na buɗe idon a hankali. A tsakiyar baƙin, daidai inda mutum ke gani, akwai wani farin ɗigo kamar ƙwayar gero. Ƙyamar da nake ji ta tafi, tsoro ya maye gurbinta.

A asibitin ido likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ɗiga wani ruwa mai launi, ta sa Yaya ta ɗora haɓa a kan na'ura, ta daɗe tana leƙawa. Ta ce, "Mama, gyambo ne a kan idon. Fuskar idon ta bushe ta tsattsage, ƙwayar cuta ta samu ƙofa ta shiga. Me kike sawa a ciki?"

Yaya ta ce, "Magani ne mai kyau, ƙanwata ta sayo."

Na ce, "Nuna mata, Yaya."

Ta ciro kwalbar daga aljihu. Likitar ba ta karɓa da hannu ba, ta miƙo wata 'yar leda ta ce a jefa a ciki. Na ba ta labarin layi, da gorar guga, da yawu, da hita. Ban rage komai ba, ina faɗa ina jin kunya kamar ni na yi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na ji sanyi. Cewa kawai ta yi bushewar ido ta lokacin sanyi abu ne da ake magancewa da ƙiftawa da kwanon ruwa da tsabtataccen ɗigo, ba ya kai mutum nan sai an taimaka masa. Ta ce za su yi ƙoƙari su ceci idon, amma gyambon a tsakiya yake, in ya warke zai bar tabo. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana.

Na ɗauki hutu na dawo da ita ɗakina. Magungunan ɗigo kala-kala, wani kowace sa'a, ni ke sawa, in wanke hannu kafin, in wanke bayan. Ko sau ɗaya ba ta ce mini Uwar Sabulu ba, kuma wallahi na so ta faɗa. Ɗanta ya yi ta kira yana tambaya, tana ce masa ɗan ciwon ido ne na sanyi. Mutanen layi da suka sha ɗigo kuwa, mai makulli ne kawai ya zo dubiya, da lemo a leda. Dukansu idanunsu garau, ko ƙaiƙayi babu wanda ya yi. Ita da ke zaune a bakin hita ba ta ƙiftawa, ita ce idonta ke da tsagar da cuta za ta shiga.

Ciwon ya warke wajen ƙarshen sanyi. Kumburi ya sauka, ja ya tafi, hakiya ta zauna a tsakiyar baƙin idon. Likita ta ce an gode Allah ba a rasa idon ba, ta ce akwai aikin da ake yi wa irin wannan tabon amma ba yanzu ba, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Yaya ta ce tana gani sarai, kamar dai ta bayan gilashin da aka hura wa numfashi. Ta ce in mayar da ita shago.

Na riga ta zuwa na wanke wurin tas. Na sauke hita ƙasa na juya ta bango, na sayo mata safar hannu mai yankakkun yatsu, na ajiye kwanon ruwa a kusurwa, gorar guga kuwa na kai ta bolar wata unguwa don kada a tono. Ba ta yi gardama a kan ko ɗaya ba. Muna zama Baba ya leƙo, ya yi mata barka da sauƙi, ya murza idonsa da bayan hannu, ya ce, "Likita, ina 'yar kwalbar nan tamu? Yau idon nan ya dame ni." Allah ne ya riƙe mini harshe, don furfurarsa. Na ce masa kantin magani na nan a kan kwana, ba a rufe ba. Ya tafi yana gunaguni wai 'yan zamani ba su da zumunci.

Da rana mai gidan wanki ya aiko da aikin farko, wata kwat mai ruwan toka, da ƙuna a gaban aljihu wadda ba ta fi ƙwayar wake ba. Irin wannan da can kafin shayi ya huce ta gama. Ta zaro zare, ta kafa ido a madubi, ta ɗago, ta goge madubin, ta sake kafawa. Ta gwada da na hagu, ta koma na dama. Na zauna a gefe ina yi kamar ina duba waya. Ta wuni a kai, washegari ma haka. Da na zo rana ta uku na same ta ta yi guga ta rataye kwat ɗin a jikin bango, ta zauna tana jirana.

Ta ce, "Auta, tsaya nan bakin ƙofa. Dubi kwat ɗin can. Ana gani?"

A rayuwarta ba ta taɓa tambayar kowa wannan ba. Na duba. Tun daga bakin ƙofar wurin ya fito, ya tattare ya yi tudu, zaren tsaye ya hau na kwance, wani ya bar layinsa ya shiga na maƙwabci. Na buɗe baki in ce haske ne bai isa ba, sai na ga ta karkato kai tana nemana da idon hagu. Matar da ta goya ni ce, ban iya yi mata ƙarya ba.

Na ce, "Ana gani, Yaya."

"Sosai?"

"Sosai."

Ta gyaɗa kai. Ta sauko da kwat ɗin, ta shafa wurin da yatsa ta daɗe tana shafawa, sannan ta ninke ta yadda take ninke kayan manya, hannu a ciki, wuya a sama, ta sa a leda ta miƙo mini. Ta ce, "Ki kai masa da kanki. Ki ba shi haƙuri, ki ce ya nemi wani ya warware ya sake. In yana da wandunan da za a rage wa tsawo, ko maɓallin da ya cire, ya riƙa aiko mini, wannan zan iya."

Na karɓa na fita. Gidan wankin a bakin titi yake, ba nisa, amma sai da na zauna a kan dakalin wani rufaffen shago na gama kukana kafin na tsallaka.